Babi na Shida: Gonar da ke Kan Tudun Rimini

Rimini gari ne na bakin teku a gabashin Italiya, garin otal-otal da masu yawon shan iska. In ka juya wa teku baya ka nufi cikin ƙasa, tafiyar 'yan mintuna a mota za ta kai ka wasu tuddai masu gonakin inabi a yankin Coriano. A kan ɗaya daga cikinsu ne wani mutum mai suna Vincenzo Muccioli yake da gona, wadda ya samu ta wajen surukansa, masu harkar otal. Kiwon karnuka yake yi da ɗan noma. Shi ba likita ba, shi ba limamin coci ba, shi ba ma'aikacin gwamnati ba. Ƙato ne mai gashin baki da babbar murya, irin mutanen nan da in sun shigo ɗaki sai kowa ya gyara zama. A 1978 ya karɓi wata budurwa da hodar hiroyin ta kayar, ya ba ta wurin kwana. Daga ita sai wani, daga wani sai wasu, har aka fara jera motocin kwana a cikin gonar saboda ɗakuna sun kasa. Hanyar da ta bi ta gaban gonar sunanta San Patrignano, shi ne kuma ya zama sunan wurin.

Lokacin kuwa Italiya na cikin wani hali. Hiroyin ta cika gari, 'yan Mafiya na tace ta a tsibirin Sisili, kuma matasan da suka fara ɗanɗana ta ba su san abin da suka ɗauko wa kansu ba. Da safe masu shara kan tarar da sirinji zube a lambunan shaƙatawa da bayin tashoshin jirgin ƙasa, wani lokaci har da gawar mai sirinjin. Zuwa farkon shekarun 1990 ƙasar na binne sama da mutum 1,000 a kowace shekara saboda allurar da ta wuce kima, ban da waɗanda ƙanjamau ke ɗauka ta hanyar karɓa-karɓar allura. Asibitocin gwamnati ba su da abin da ya wuce su kwantar da yaro 'yan kwanaki su sallame shi ya koma inda ya fito. Masu aikin sa kai ne suka cike giɓin, yawancinsu limaman coci, kamar Luigi Ciotti da ya kafa ƙungiyar Gruppo Abele a Turin. Muccioli ya shigo sahunsu daga baya, amma cikin 'yan shekaru gidansa ya fi na kowa girma a Turai baki ɗaya.

Abin da ya gane, ba tare da wani littafi ba, shi ne yaron da ke kwana a tasha ba matsala ɗaya ke gare shi ba. Shaye-shaye ya sa aka kore shi daga aiki, rashin aiki ya sa ya fara ɗauke-ɗauke a gida, ɗauke-ɗauke ya sa aka rufe masa ƙofa, kwanan waje kuma ba ya yiwuwa da ido biyu, sai da abin da zai gusar da hankali. Ka wanke masa jini a asibiti ka mayar da shi bakin tasha, kafin la'asar ya koma ruwa. Ka sama masa aiki alhali ba shi da inda zai yi wanka, ba zai kai ƙarshen wata ba. Wurin kwana da sana'a da rabuwa da ƙwaya kamar duwatsun murhu ne, ka janye ɗaya tukunya ta kife. Don haka Muccioli ya haɗa ukun a wuri guda, ya ce kuma kyauta ne, ba a karɓar ko sisi daga iyaye. Gidan na kan wannan ƙa'ida har yau.

Kwanakin farko su ne masu zafi. Wanda jikinsa ya saba da hiroyin, in aka yanke masa ita, cikin awoyi zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, hawaye na zuba ba don kuka ba. Sai zufa da rawar ɗari a lokaci guda, sai amai da gudawa, sai ciwon ƙashi da ke sa ƙafafu su yi ta shure-shure da kansu. Barci ya ƙaura. A rana ta biyu zuwa ta uku abin ke kai maƙura, kafin mako ya cika ya fara lafawa. A San Patrignano ba a ba da wani magani a madadin hodar. Shayin ganye ne, da tausa, da mutum zaune a gefenka har gari ya waye. A cikin waɗannan kwanaki mutum zai rantse da duk abin da ya sani, ya yi kuka, ya yi zagi, ya haura katanga in ya samu sarari. A nan ne labarin gonar ya ɗauki wata hanya.

A watan Oktoba na 1980 wata yarinya ta gudu daga gonar ta kai ƙara. Da 'yan sanda suka shiga sai suka tarar da matasa biyar a kulle, ɗaure da sarƙa, a wuraren da aka yi don dabbobi. Aka kama Muccioli. Shari'ar da ta biyo baya, wadda jaridun Italiya suka laƙaba wa suna shari'ar sarƙa, ta raba ƙasar gida biyu. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne waɗanda suka cika harabar kotun Rimini suna neman a sake shi: iyayen yaran ne. Uwaye ne da suka sayar da sarƙoƙin wuyansu suka biya bashin dillalan hoda, waɗanda suka gaji da ɓoye jaka a ƙarƙashin matashin kai don tsoron ɗan cikinsu. Manyan mutane ma sun tsaya masa, ciki har da shahararren ɗan wasan barkwanci Paolo Villaggio, wanda ɗansa ya zauna a gidan. Hujjar Muccioli ita ce yaran da kansu, ranar da suka shigo da hankalinsu, suka roƙe shi kada ya bar su su tafi ko da sun nema. A 1985 kotu ta yanke masa ɗaurin sama da shekara guda. A 1987 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, a 1990 kotun ƙoli ta tabbatar da hakan, bisa dalilin cewa larura ce ta sa.

Mai karatu a Kaduna ko Katsina ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan uwaye. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fasa wani gida a Rigasa suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa wani a Daura, sai wasu a garuruwa daban-daban. A nan ma an ga iyaye sun fito suna cewa su suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har kuɗi suke biya. Maganar ɗaya ce da ta Rimini: ya fi ƙarfinmu, gara ya zauna a mari da a tsinci gawarsa a kwata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Uwar da ɗanta ya fara ɗaga mata hannu saboda kuɗin taramol ba ta da layin da za ta bi sai na gidan mari. Ni dai ba zan iya zaginta ba. Amma tausayin uwa bai mayar da sarƙa magani ba, kuma abin da ya faru a San Patrignano bayan an wanke Muccioli ya nuna inda hanyar ke ɓullewa.

Gidan ya ci gaba da cika, daga ɗaruruwa zuwa kusan mutum 2,000. Mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan wannan taro ba, sai ya raba iko ga tsofaffin mazauna, kowa da sashensa. Wasu sassan suka zama wurin horo, inda ake tura masu taurin kai, kuma mafi ƙaurin suna shi ne mayanka da turken aladu. A watan Mayu na 1989 aka tsinci gawar wani mutum ɗan Sisili a wata bola kusa da Napoli, ɗaruruwan kilomita daga Rimini, naɗe cikin bargo. Aka ɗauka rikicin 'yan hoda ne, aka rufe magana. Sai a 1993 wani tsohon mazaunin gidan ya fasa ƙwai: a cikin San Patrignano aka yi wa mutumin dukan da ya kashe shi, sannan aka loda gawar a mota aka kai ta nesa don a ɓatar da sawu. Muccioli, wanda da farko ya ce bai san komai ba, ya dawo ya amsa cewa an gaya masa, ya yi shiru. A 1994 kotu ta wanke shi daga laifin kisa amma ta yanke masa wata 8 saboda rufa wa masu laifi asiri. Ya mutu a watan Satumba na 1995 yana da shekara 61.

Ba Muccioli ne ya ɗaga hannu ya yi dukan ba. Sai dai wanda ya koya wa gida cewa ana iya ɗaure mutum don amfanin kansa, ya riga ya ba na ƙasa da shi lasisi, su kuwa na ƙasan ba su da haƙurinsa, ba su da kwarjininsa, jiya-jiya su ma suka bar allura. Kuma duk gidan da ba mai leƙa shi daga waje, ba likitan gwamnati, ba alƙali, ba ɗan jarida sai wanda aka gayyata, ranar da aka yi ɓarna abin da za a fara tunani shi ne sunan gida.

Da yawa sun zaci gidan zai bi mai shi kabari. Bai bi ba. Ɗansa Andrea ya riƙe shi har 2011, daga nan aka miƙa shi ga kwamiti. Sarƙa ta tafi, ɗakunan kulle sun tafi, likitoci da masana halayyar ɗan Adam suka shigo, kuma mutane suka ci gaba da warkewa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani a kan masu cewa ba a gyara kangararre sai da mari: gida ɗaya, tudu ɗaya, an cire marin, aikin bai tsaya ba. Ashe tun farko wani abu ne daban ke yin aikin.

Yau wanda ke son shiga ba ya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa kawai. Yakan bi ta ƙungiyoyin sa kai da ke garuruwan Italiya, yawanci na iyaye da tsofaffin mazauna, su zauna da shi sau da yawa su tabbatar shi ke so, ba tura shi aka yi ba. Wasu kuma kotu ce ke ba su zaɓi su yi zaman gidan a madadin kurkuku. Ranar da ya shiga zai ajiye waya. Za a haɗa shi da wani wanda ya riga shi da kamar shekara guda, wanda zai zama inuwarsa: ɗaki ɗaya, teburin cin abinci ɗaya, wurin aiki ɗaya, dare da rana. Shi zai nuna masa yadda ake gyara gado, shi zai ji ƙorafinsa da tsakar dare, shi zai tare shi da magana in ya ce yau sai tafiya. In ya dage, ƙofa a buɗe take.

Dabarar da ke cikin wannan haɗi ta fi amfanar mai tsaron fiye da wanda ake tsaro. Mutumin da shekara goma ba wanda ya yarda ya ba shi ajiyar ko makulli, yau an damƙa masa ran wani. Dole ya tashi da wuri domin akwai mai kallonsa. Dole ya haɗiye fushi domin in ya fashe, na bayansa zai tattara kaya. Kuma sabon shiga ba zai iya ce masa ba ka san abin da nake ji ba, don ga tabon allura nan a hannunsa.

Sai aiki. Ba aikin kashe lokaci ba, irin na a ba mutum tsintsiya ya share inda aka riga aka share. Akwai gidan burodi, akwai wurin yin cuku daga madarar shanun gidan, akwai masaƙa, da dukanci, da kafinta, da ƙira, da ɗab'i, da kiwon karnuka da dawaki, da ɗakin girki mai ciyar da ɗaruruwan mutane sau uku a rana. Har giyar inabi suke yi suna sayarwa, abin da mai karatu zai ɗaga gira a kai, kuma ko a Italiya akwai masu ɗaga ta. Muccioli ya dage tun farko cewa kayan gidan su yi gogayya a kasuwa don kyansu, kada a saye su don tausayi. A 1994 wata goɗiyar gidan mai suna Weihaiwej, da Bajamushe Franke Sloothaak a kanta, ta ci gasar duniya ta tsallaken shinge a birnin Hague. Ka yi tunanin yaron da ke kwashe kashin wannan goɗiya yana goge mata jiki, wanda shekara biyu da suka wuce yake bara a tashar Bologna. Mai koyon burodi kuwa yana tashi tun duhu, kuma ƙullu ba ya jin uzuri: in ka yi sakaci da awo ko ka makara, da safe ɗaruruwan mutane za su gani a faranti. Wanda ya bar makaranta yana iya komawa aji a cikin gidan, wasu har jami'a. Uwaye mata kuma suna iya zama da ƙananan 'ya'yansu.

Dukan wannan yana cin lokaci, kuma lokacin ne mutane ba sa son ji. Zaman gidan yakan kai shekara uku zuwa huɗu. A shekarar farko wasiƙa ce kawai tsakanin mutum da danginsa, sai bayan nan su zo ziyara. Sai ya yi kusan shekara uku kafin a bar shi ya je gida na 'yan kwanaki ya dawo, a ga yadda zai yi in ya bi ta tsohuwar majalisarsa, in tsohon aboki ya kira shi da tsohon suna. Ƙungiyar garinsu da ta kawo shi ita ke jiransa in ya fito, kuma duk tsawon shekarun nan tana zama da iyayensa, domin su ma gidan nasu yana buƙatar gyara.

Gidan ya ce sama da mutum 26,000 ne suka ratsa ta cikinsa tun 1978, kuma yana yawan ambaton binciken wasu jami'o'in Italiya da ya gano kashi 72 cikin ɗari ba su koma shaye-shaye ba. Adadin na da kyau, amma a karanta shi da lura: waɗanda suka daɗe a gidan har suka kammala ake ƙirgawa. Wanda ya tafi a wata na biyu ba ya ciki, haka wanda tun a wajen tantancewa ya sare. Akwai kuma wani abu da likitoci ke jan kunne a kai. Wanda ya daɗe bai taɓa hiroyin ba, jikinsa ya manta da ita, in ya zame ya ɗauki awon da ya saba a da, wannan allurar na iya zama ta ƙarshe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa methadone da buprenorphine cikin jerin muhimman magunguna a 2005, domin an tabbatar suna rage mace-mace a tsakanin masu wannan lalura. San Patrignano bai bi wannan hanya ba, Muccioli ma gaba yake da ita. A ganina ya yi kuskure da ya ɗauke ta abokiyar gaba. Ba kowa ke iya ba da shekara huɗu na rayuwarsa ba, kuma mai shan maganin asibiti yana zuwa aikinsa ya fi gawa mai tsabtataccen jini.

Kyauta kuma ba ta nufin ba mai biya. Cinikin kayan gidan yana ɗaukar wani babban kaso na kuɗin tafiyar da shi, sauran daga masu ba da taimako yake fitowa. Kan gaba a cikinsu tun farkon tafiya su ne Gian Marco Moratti, attajirin man fetur, yayan Massimo Moratti da ya mallaki ƙungiyar ƙwallon Inter Milan, da matarsa Letizia, wadda ta yi ministar ilimi ta kuma yi magajiyar garin Milan. Ba cek suke aikowa daga nesa ba. Sun yi shekara da shekaru suna zuwa hutun ƙarshen mako a gonar, suna cin abinci a babban zauren tare da kowa. Duk wanda ke mafarkin kafa irin wannan gida a Zariya ko Maraɗi ya fara lissafi daga nan: abincin mutum ɗaya sau uku a rana har shekara huɗu, da gado, da magani, da albashin ƙwararren da zai koya masa sana'a, da kasuwar da za ta sayi abin da ya ƙera. Rabon keken ɗinki a filin taro bayan horon mako biyu wani abu ne daban. Waɗanda suka kwaikwayi tsarin a wasu ƙasashe, kamar Basta a Suwidin da River Garden a Sikotilan, da ƙananan gidaje suka fara.

A ƙarshen 2020 kamfanin Netflix ya fitar da wani shiri mai kashi biyar kan zamanin Muccioli, mai suna SanPa, sai tsohon miki ya dawo ɗanye. Hukumar gidan ta nisanta kanta da shirin tana cewa ya karkata ga duhu, 'ya'yan Muccioli kuma suka kai ƙara kotu. Daga cikin waɗanda suka yi magana a shirin akwai mutum biyu da suka shiga gonar suna samari, hiroyin ta cinye su. Antonio Boschini ya karanta likitanci yana gidan, ya zauna, ya zama babban likitan da ke kula da jinyar mazauna. Fabio Cantelli ya kai ga zama kakakin gidan, shi ke tarar 'yan jarida a lokacin shari'ar kisan, sannan a 1995 ya tattara kayansa ya tafi, daga baya ya koma aiki da ƙungiyar Luigi Ciotti a Turin. Dukansu biyu sun yarda cewa a gonar nan suka tsira da ransu. A kan abin da ya halatta a yi wa mutum don a cece shi ne suka rabu.